Wankan gawa kafin bincike

Wani labari ya ce an tsinci gawar wani matashi a bayan garin Daura, 'yan uwa suka wanke ta kafin 'yan sanda su iso. Allah Ya jiƙansa, amma wankan nan ya tafi da shaida, don a ƙarƙashin farce ake samun fatar wanda suka yi kokawa da shi. Bayan mutuwa kuma, jini yana kwantawa ta ɓangaren jikin da ke ƙasa, ya kafu cikin awa 8 zuwa 12. In shacinsa na baya alhali gawar tana rub da ciki, to an juya ta. Riga mai jini a busar a inuwa, a sa a ambulan na takarda. Leda tana riƙe danshi, da zafinmu nan da nan rigar ta yi fumfuna, gwajin DNA (ƙwayar halittar da ke nuna mai jinin) ya lalace.