Kafin Ka Tura Labarin "Masana Sun Gano"

Ya ku 'yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma ina roƙon mu tsaya mu dube ta. Da zarar labari ya fito cewa masana sun gano kaza, kafin mu kai layi na uku mun tura wa duk wanda muka sani. Bayan 'yan watanni labarin ya rushe, sai mu juya mu ce ai dama masu kimiyya ba su da magana ɗaya, yau fari gobe baƙi. Mai haɗiye labari ba tauna da mai ƙaryata komai, ciwonsu ɗaya ne: babu wanda ya tambayi yadda aka yi gwajin.

Zan fara da inda wannan sakaci ya taɓa rayuka. A watan Maris na 2020, lokacin da korona ta firgita duniya, wani likita a birnin Marsai na Faransa, Didier Raoult, ya fitar da rahoto cewa maganin haidiroksikulorakwin, ɗan'uwan kulorakwin, yana kawar da ƙwayar cutar. Kafin ka ce kwabo labarin ya zagaye duniya, shugabanni suna yabawa, jama'a suna rububin saye, har masu wasu cututtukan da tun asali da shi suke rayuwa suka rasa shi a wasu ƙasashe. Mutum nawa aka yi lissafin a kansu? 36 kacal. Ba a yi ƙuri'a wajen zaɓen wanda zai sha da wanda ba zai sha ba. Sannan mutum shida daga cikin waɗanda aka fara ba maganin an cire su daga lissafi, alhali uku cikinsu ɗakin kulawa ta musamman aka kai su, ɗaya kuma ya rasu. Duk wanda ya cire waɗanda jikinsu ya tsananta daga lissafi, dole maganinsa ya yi kyau a takarda. A Disamba 2024 mujallar da ta buga rahoton ta janye shi.

A daidai wannan lokacin, masu bincike a Jami'ar Oksfod ta Ingila sun tsara gwajin da suka kira RECOVERY. Majinyata dubbai ne a asibitoci da yawa, kuma kwamfuta ce ke zaɓar wa kowa rukuninsa, domin kada son zuciyar likita ya shiga. Sama da mutum 1,500 suka sha haidiroksikulorakwin, aka gwada su da sama da 3,000 da ba su sha ba. A farkon Yuni 2020 amsa ta fito: bai rage mutuwa ba. Ba a yi mako biyu ba sai gwajin ya sake fito da wata amsar: dekzametason, tsohon magani mai araha da ba wanda ke yi masa talla, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan iskar oksijin. Amma ku lura da sauran bayanin, wanda masu turawa suka yar a hanya: ga mai ciwon da numfashinsa bai sarƙe ba, maganin bai nuna amfani ba. Wanda ya ji rabin labari ya je ya saya ya sha a gida, ya raunana garkuwar jikinsa a banza. Ina jin zafin wannan sosai, domin yawancin masu yaɗa rabin labarin nan da kyakkyawar niyya suka yi, kuma kyakkyawar niyya ba ta hana magani yin lahani.

Kada ku ɗauka ina cewa duk labari mai daɗi ƙarya ne. A 2024 an fitar da sakamakon gwajin allurar lenakapabir da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, kan 'yan mata da matasan mata sama da 5,000. Allura ce da ake yi sau biyu a shekara domin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau. Cikin mata 2,134 da aka yi wa allurar, ko ɗaya ba ta kamu ba a lokacin gwajin, alhali 55 sun kamu a cikin waɗanda aka ba ƙwayoyin sha na kullum. Wannan sakamako ne da ya cancanci murna, domin ga yawan mutane, ga abin kwatantawa, ga ƙuri'a, kuma wani gwajin na biyu a wasu ƙasashe ya goya masa baya. Duk da haka na ga ana rubuta cewa an samo maganin warkar da ƙanjamau. Ba haka ba ne. Kariya ce ga wanda bai kamu ba, kuma sai an ci gaba da karɓarta duk wata shida.

A fagen noma kuwa, abin ya fi buƙatar haƙuri, saboda gona ba ta ba da amsa sai shekara ta zagayo. A watan Agusta na 2022 masu bincike a Jami'ar Ilinoi ta Amurka sun ba da rahoton waken suya da suka gyara wa ƙwayoyin gado guda uku. Hikimar tana da ban sha'awa. Ganye idan rana ta yi masa yawa yakan kare kansa ta hanyar zubar da wani ɓangare na hasken. Idan gajimare ya gifta ko wani ganyen ya yi masa inuwa, yakan ɗauki mintuna kafin ya saki wannan kariyar ya koma haɗa abinci sosai, kuma waɗannan mintunan asara ce. Sai suka sa shukar ta riƙa komawa aiki da sauri. A wasu daga cikin irin da suka gwada, yabanya ta ƙaru har da kashi 33 cikin ɗari. Wannan adadin ne ya cika kanun labarai. Abin da bai shiga kanun ba shi ne, a wuri ɗaya aka yi gwajin, a 'yan ƙananan filaye, kuma a shekara ta biyu guguwa ta kwantar da shukar, ƙarin bai bayyana ba. Masu aikin inganta iri da suka daɗe a harkar sun ja hankali cewa sai an gwada a wurare da dama, a shekaru da dama, an kuma kwatanta da irin da manoma ke shukawa da gaske, kafin a yi wa kowa alkawari. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ku gwada wannan da shinkafar PR23 ta Jami'ar Yunnan a ƙasar Sin, wadda aka samu ta hanyar haɗa shinkafar Asiya da wata shinkafar daji ta Afirka mai tsirowa daga saiwa. An shafe shekaru masu yawa ana aikinta, aka ba manoma ita a 2018, sai a 2022 aka fitar da cikakken rahoto: shuka ɗaya, girbi takwas cikin shekara huɗu, matsakaicin tan 6.8 a kowace hekta a duk girbi, kusan daidai da tan 6.7 na shinkafar da ake sake shukawa kowane zango. Ba ta ninka yabanya ba, don haka ba ta yi tashe a wayoyinmu ba. Amma ta rage wa manomi wahalar huɗa da dashe da kuɗin iri, kuma an tabbatar da hakan a gonakin mutane. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar gwajin alkama da aka fara tun 1843, har yau ana shuka ta ana rubuta abin da ta bayar. Da irin wannan juriyar ake sanin abin da taki ke yi wa ƙasa bayan ɗa da jika.

Wani lokaci labarin gaskiya ne tsantsa, girmansa ne muke kumburawa. Ranar 5 ga Disamba 2022, a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kalifoniya, an harba leza 192 kan ɗan mitsitsin ƙunshin makamashi, aka haɗe ƙwayoyin zarra irin yadda ke faruwa a cikin rana. A ma'aunin makamashi, hasken da ya shiga ya kai megajul 2.05, abin da ya fito 3.15. Wannan ne karo na farko da irin wannan gwaji ya ba da fiye da abin da aka harba masa, kuma nasara ce da aka yi shekaru da dama ana nema. Sai dai kafin a samar da hasken lezar, na'urorin sun zuƙi wuta kusan megajul 300. Wanda ya rubuta cewa wutar lantarki kyauta ta ƙaraso, bai karanta wannan layin ba.

Haka batun duniyar K2-18b, mai nisan tafiyar haske ta shekara 124. A Afrilu 2025 wasu masana daga Jami'ar Kambirij sun ce madubin hangen nesa na James Webb ya hango alamar wata iska wadda a duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Su da bakinsu sun ce alamar ba ta kai matakin tabbaci ba, kuma wasu masanan da suka sake duba bayanan ba su gamsu ba. Har yanzu maganar a buɗe take, kada ka rufe ta da bakinka.

Yanzu ga ku masu cewa tunda ana janye sakamako to duk aikin shirme ne. Wa ya gano kuskuren? A Yuli 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun yi ikirarin cewa sinadarinsu mai suna LK-99 yana wuce da wutar lantarki ba asara ko kaɗan, ba tare da an sanyaya shi ba. Ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban suka haɗa nasu, suka auna. Kafin ƙarshen Agusta an gano cewa gurɓatar sinadarin jan ƙarfe da farar wuta ce ta yaudari ma'aunin, kuma tsantsar LK-99 ko wuta ba ya wucewa da ita yadda ya kamata. Ba masu zagi a intanet suka warware wannan ba, masu awo ne. Tsarin da ke iya kama kuskurensa cikin makonni ya fi cancantar amana a kan mai maganar da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Kuma idan sun tabbatar, sukan tabbatar da gaske. Einstein ya yi hasashen girgizar sararin samaniya a 1916, aka jira har 14 ga Satumba 2015 kafin na'urorin LIGO, waɗanda aka gina a Amurka don auna wannan girgiza, su kama ta, sannan masu aikin suka yi wata biyar suna bincikar kansu kafin su sanar da duniya a Fabrairu 2016.

Ku da kuke karatun kimiyya, nauyin ya fi yawa a kanku. Idan awonka ya fito saɓanin abin da kake fata, rubuta shi yadda ya fito. Kada ka goge lambar da ta ɓata maka jadawali, kada ka kwafi sakamakon abokinka don malami ya yi murmushi. Hannun da ya saba gyara lamba a aji shi ne zai gyara ta ranar da rayuwar majinyaci ko jarin manomi ke rataye a kanta.

Akwai kuma batun da za ku ci gaba da gani a wayoyinku, wato murar tsuntsaye ta H5N1. A Maris 2024 an same ta a jikin shanun madara a Teksas, abin da ba a saba gani ba, ta kuma bazu zuwa ɗaruruwan garkuna a jihohin Amurka. Gwaje-gwaje sun nuna ƙwayar tana da yawa a ɗanyar madarar saniyar da ta kamu, kuma dumama madara irin na masana'anta yana kashe ta. Wasu ma'aikatan gonaki sun kamu, yawancinsu da ciwon ido. A Disamba 2024 wani bincike ya nuna cewa sauyi guda ɗaya a furotin ɗin bayan ƙwayar zai iya sa ta fi manne wa ƙwayoyin jikin mutum, amma a kan furotin ɗin kaɗai aka yi gwajin, a cikin ɗakin bincike. Duk ranar da aka turo maka saƙo cewa sabuwar annoba ta ɓarke, nemi sanin ko an ga tana wucewa daga mutum zuwa mutum a jere, ko kuwa daga dabba ce kowane mai ciwon ya ɗauka. Wannan bambancin shi ne abin da masu sa ido kan cutar suke bibiya.