Ƙannena na Legas, ku daina tambayar nawa ne kullum

Salam 'yan uwa, musamman ku da kuka shigo Ikko cikin shekara biyu ukun nan. Maganar nan ta daɗe tana cina, jiya ce dai na kasa haƙuri. Muna zaune a majalisarmu ta Agege bayan isha'i sai ga wani yaronmu da waya sabuwa dal a kwali sai washe baki yake, nace nawa ka saya, yace ai Yaya ba wani kuɗi bane dubu biyu ne kullum. Nace na kwana nawa? Yayi tsuru tsuru. Wallahi bai sani ba. A kan wayar tasa muka buga lissafin, wata shida, kwana 180, dubu 360 kenan, wayar da in da kuɗi hannu ka shiga kasuwar wayoyi ta Computer Village ko kusa da haka ba za ta kai ba. Kuma tsohuwar da ya jefa a jaka lafiyarta lau, kira take yi, WhatsApp take yi.

Ban ga laifinsa sosai ba, don garin nan tun daga fitowarka ɗaki har ka koma ana yi maka raɗa a kunne. Ka hau danfo ka bi Third Mainland, gadar nan mai kusan kilomita 12, ko gosulo ya riƙe ka a hanyar Lekki, ɗaga kanka ka kalli manyan allunan tallan nan da kyau. Da wuya kaga an tsaya yi maka bayanin ƙarfin batir ko ingancin kaya. Saurayi zaka gani fes, fata luwai luwai, ya jingina da mota, wata kyakkyawa na kallonsa. Tallan lemon kwalba ne amma abokai ne ke dariya a bakin teku, tallan taliyar yara ne amma kicin ɗin ya fi ɗakin da mu shida muke kwana girma. Kai kuma kana matse a bayan danfo gumi na tsiyaya, kwandasta na maka ihun canji, zuciya tace ina ma nine. To wannan ina ma nine ɗin shi suka biya miliyoyi su tayar maka, kayan daga baya yake biyowa.

Kuma dabarar tsohuwa ce. A 1929 wani Ba'amurke Edward Bernays, wanda masanin halayyar ɗan adam ɗin nan Sigmund Freud kawunsa ne, kamfanin sigari ya ɗauke shi don mata su riƙa shan taba a bainar jama'a, sai ya shirya 'yan mata suka fito cikin jerin gwanon bikin Ista a New York suna zuƙa, aka ce wa 'yan jarida wai wutar 'yanci ce suka kunna. Hayaƙi ne dai mai cin huhu, amma da sunan 'yanci aka sayar da shi. Yau abin ya baro allo ya shigo aljihu. Facebook da Instagram ba ka biyansu ko sisi, amma kusan duk kuɗin Meta, kamfanin da ya mallake su, daga talla yake fitowa, to wa kake zaton ake sayarwa? Duba takalmi sau ɗaya kaga yadda zai bi ka sati guda kamar mai bin ka bashi.

Mu 'yan Arewa kuwa akwai inda abin ya fi kama mu, komawa gida da Sallah. Kowa so yake in ya sauka a tasha ace lallai wane Legas ta karɓe shi. Nan ne lagonmu, kuma nima ta nan aka kama ni, shi yasa nake maganar da zafi. Lokacin ina kabu kabu na shiga wani shago a Ikeja don kawai na ga an rubuta biya kaɗan kaɗan, na fito da babbar waya, na haɗa da agogo da takalmi mai tsadar banza da shadda kala biyu. Naje ƙauye nayi kwana tara ana ta kallona. Na dawo ba a jima ba gwamnati ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauran manyan wuraren a watan Yunin 2022, aiki ya tsaya cak, na kasa biya kwana kaɗan kawai sai suka kulle wayar daga can inda suke, tana hannuna amma ta zama dutse. Don in buɗe ta na ci bashi a irin manhajar nan ta waya, su kuma da na makara suka bi lambobin da ke ciki suna tura saƙo wai ni macuci ne, har kawuna a gida sai da ya samu. Zanen aro dai baya rufe katara, na gani a jikina.

Ba cewa nayi kar ku ci mai kyau ko ku sa mai kyau ba, Allah yana son ya ga alamar ni'imarsa a kan bawansa. Amma ku tuna yadda ya siffanta bayinsa a Suratul Furƙan aya ta 67, in sun ciyar basa ɓarna basa ƙwauro, tsaka tsaki suke bi. Annabi (SAW) kuma cewa yayi mu dubi na ƙasa damu kar mu dubi na sama, allon talla kuwa aikinsa kenan kullum, ɗaga maka kai sama.

Abin da nake yi yanzu mai sauƙi ne. In abu ya shiga raina nakan ba shi kwana bakwai, yawanci kafin Juma'a ta zagayo na manta da shi. In mai shago yace dubu kaza kullum sai ince a'a, jimla nawa, rubuta min. Sannan in mayar da kuɗin zuwa kwanakin wahala, kwando nawa na tumatir zan sauke a kasuwar Mile 12 kafin in haɗa su. Ku duba fa, mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin Legas dubu 85 ne, wayar yaron nan ta cinye albashin wata huɗu da ɗoriya, ga kuɗin haya na shekara yana tafe da na ejan da na agrimen, ga fetur da tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kuɗin mota ya addabi kowa.

Waccan Sallar da naje da babbar waya, da daddare na shiga ɗakin Inna na miƙa mata tana ta juya ta a hannu, ta sa albarka, sannan tace to Allah ya sa alheri, kuɗin takin da kace zaka taho da shi fa, damina ta kusa. Babu ko kuɗin buhu ɗaya a aljihuna. A shekarar rabin gonar aka shuka.