Kura da Shan Bugu: Masu Tsara Kiɗan da Kyamara Ta Tsallake

A zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu akwai wani yayanmu da ya ɗaukar wa kansa aikin tuna mana cewa duniya ta lalace. Da wuya mako ya wuce bai turo guntun bidiyo fari-da-baƙi na wani tsohon shirin talabijin na Amurka ko Ingila ba: mawaƙi cikin kwat, gashi ya sha mai, yana tsaye ƙyam a gaban makirufo. A ƙasa sai ya rubuta, "Ku ji lokacin da ake waƙa. Ba na'ura, ba gyara, murya ce zalla." Mu kuma mu jera masa babban yatsa, albarkacin girma.

Ran nan na ce bari in saurara da kyau, na cusa abin ji a kunne. Muryar tana da daɗi, ban ja ba. Amma inda tsigar jikina ta tashi shi ne daidai wurin da mawaƙin ya yi shiru don jan numfashi. A wannan 'yar kafa sai gogaye suka taso a hankali kamar iskar hadari, ƙaho guda ya amsa musu, ganga ta ɗan ja baya, sannan muryar ta dawo ta tarar an share mata hanya. Duk wannan wani mutum ne ya zauna da fensir ya rubuta shi, ya ba kowane makaɗi nasa layi. Kyamara ba ta haska shi ba, yayanmu bai san da zamansa ba. A ganina rabin abin da muke kira "murya zalla" aikin wannan mutum ne, kuma an ci masa haƙƙi ta fuskar suna da ta aljihu.

Irin shirye-shiryen da yayanmu ke tsakurowa hatsin bara ne. A cikin awa ɗaya za ka ga mawaƙi, ka ga ɗan barkwanci, ka ga masu rawa, mai dabo, da mai juya faranti a kan tsinin sanda. Uban tafiyarsu shi ne shirin Ed Sullivan na tashar CBS, wanda aka yi ta nunawa duk daren Lahadi daga 1948 har 1971. Shi kansa Sullivan ɗan jarida ne, bai iya waƙa ba, bai iya rawa ba, ko tsayuwa a gaban kyamara ba ta yi masa kyau ba. Amma a dandalinsa ne mutane kusan miliyan 60 suka kalli Elvis Presley a watan Satumba na 1956, kuma a nan ne kimanin miliyan 73 suka ga Beatles ranar 9 ga Fabrairu, 1964. Waɗannan alƙaluma kowa na kawo su. Sunan da ba a cika kawowa ba shi ne Ray Bloch, madugun makaɗan shirin tun daga farkonsa har ranar da aka rufe shi. Ka ƙiyasta aikin: kowane mako sababbin baƙi, kowa da irin kiɗan da yake buƙata, wannan na jinjiniya, wancan na tsalle-tsalle, kuma akasari kai-tsaye ake watsawa. In aka yi tuntuɓe, ƙasa gaba ɗaya ta ji.

Waƙa irin ta wancan zamani tana bi ta hannu uku. Akwai wanda ya ƙirƙiro kari da baitoci. Akwai mai rerawa. A tsakaninsu kuma akwai mai tsara kiɗa, wanda ake miƙa wa kari tsirara, shi zai yanke da me za a buɗe, saurin tafiyar, matakin da ya dace da muryar wannan mawaƙi, inda gogaye za su shigo, inda ƙahoni za su yi tsit. Masaƙi ne da tela da mai sa riga. Sai dai mu a nan in mutum ya fito da babbar riga ranar sallah, bayan an ce masa ya yi kyau, akan tambaya wane tela ne. A can ko wannan tambayar ba a yi.

Ɗauki Nelson Riddle, wanda yau masana ke sakawa a sahun farko. A 1950 Nat King Cole ya fitar da "Mona Lisa", waƙar ta mamaye kasuwa. Riddle ne ya tsara kiɗan, amma sunan madugun makaɗa Les Baxter ne a jikin faifai, domin a lokacin Riddle ɗan ƙwadago ne mai rubuta wa wasu. Sai daga baya Cole ya gano hannun wa ke ciki, ya jawo shi jiki. A 1953, da Frank Sinatra ya koma kamfanin Capitol bayan tauraronsa ya dusashe, an sake maimaitawa: cikin waƙoƙin farko da Riddle ya tsara masa akwai waɗanda aka umarce shi ya yi su da salon wani mai tsara kiɗa, Billy May, aka kuma fitar da su da sunan Billy May. Sau biyu ke nan mutum ya yi noma aka kai hatsin rumbun wani.

A watan Janairun 1956 aka ɗauki "I've Got You Under My Skin". Waƙar Cole Porter ce tun 1936, mutane da yawa sun rera ta kafin Sinatra. Abin da ya sa ta Sinatra ta tsaya daban shi ne tsakiyarta, inda muryar ke ja gefe, ƙahoni su fara hawa kan juna sannu a hankali, kamar ana ɗora tubali, har su kai maƙura, sannan Milt Bernhart ya fasa da ƙahonsa. Ana ba da labarin cewa a ƙurarren lokaci aka nemi Riddle ya yi aikin, ya kwana a kansa, ya ƙarasa a cikin mota kan hanyar zuwa situdiyo, kuma da makaɗan suka gwada shi karon farko sai suka tafa masa. Makaɗan situdiyo ba su da saurin tafi, kullum cikin abin suke. Wannan hawan babu shi a takardar Porter. Amma duk sa'ad da gidan rediyo ya sa faifan, kason marubuci ɓangaren Porter yake zuwa. Riddle an sallame shi tun ranar da ya miƙa takardu, domin mai tsara kiɗa da shafi ake biyansa, kamar mai yin bulo da ake ƙirga wa guda-guda.

Shi Riddle ma yana cikin masu sa'a. Sunansa ya zo ya hau bangon fayafayai, ya jagoranci makaɗa a shirin talabijin na Nat King Cole a NBC, shirin da ya fara a ƙarshen 1956 ya mutu a Disambar 1957 saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukar nauyin shirin da baƙar fata ke gabatarwa. Har kyautar Oscar ya samu a 1975. Na kawo shi ne don a ga cewa in wanda ya kai wannan matsayi haka aka yi masa, na ƙasa da shi sai dai Allah Ya kyauta.

A Detroit, kamfanin Motown ya shafe shekaru yana fitar da waƙoƙin da Supremes da Temptations ke zuwa su rera a gaban Sullivan, ba tare da ya rubuta sunayen makaɗansa a faifai ba. Gogayen da ke cikin "My Girl" Paul Riser ne ya tsara su. Sai a 1971, a kundin Marvin Gaye wanda David Van De Pitte ya tsara wa kiɗa, aka fara jera sunayen makaɗan gidan. A Ingila kuwa Johnny Pearson ya daɗe yana jan ragamar makaɗan shirin Top of the Pops na BBC, kuma mafi yawan abin da aka nuna a shekarun 1960 babu shi yau, domin an goge kaset an sake ɗaukar wani abu a kai.

Akwai masu cewa wannan kuka ne bayan hari, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai tsara kiɗa ya karɓi kuɗinsa a hannu, ko waƙa ta karɓu ko ta faɗi. Marubuci da kamfani su suka yi kasada. Cikin waƙoƙi goma wataƙila ɗaya ce za ta dawo da kuɗi. Wanda bai yarda ya raba asara ba, don me zai nemi rabon riba? Suna ƙarawa da cewa in aka buɗe wannan ƙofa ba a san inda za a tsaya ba: mai ganga zai ce bugunsa ne ya ɗaga waƙar, mai jita zai ce nasa ne, injiniya ma zai miƙo hannu. Doka ta zaɓi kari da baitoci ne don su ake iya nunawa a ce ga su.

Na yarda da rabin wannan magana. Ba kowane tsari ne ya cancanci kaso ba. Akwai na cika wuri, wanda ko an cire shi waƙa ba za ta rasa komai ba, kuma ladan yini ya wadatar masa. Inda na rabu da su shi ne batun kasada. Mutumin da aka ce masa "ga farashin shafi, in ba ka so akwai wani a bakin ƙofa" bai zaɓi komai ba. Ba a taɓa shimfiɗa masa zaɓi biyu a gabansa ba balle a ce ya guji asara.

Batun "ba a san inda za a tsaya ba" kuwa, an ga inda rashin tsayawar ya kai. A 1965 David Whitaker ya tsara wa wata ƙungiyar makaɗa ta Andrew Oldham kiɗan gogaye a kan wata waƙar Rolling Stones. A 1997 ƙungiyar The Verve ta ɗebi guntun wannan kiɗa ta gina "Bitter Sweet Symphony" a kai. Rigima ta tashi, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin tsofaffin waƙoƙin Stones ya kwashe kuɗin, aka saka sunayen Mick Jagger da Keith Richards na Stones a matsayin marubuta. Abin da aka ɗeba kuwa babu shi a ainihin waƙarsu, daga fensirin Whitaker ya fito. A 2019 Jagger da Richards suka mayar wa Richard Ashcroft, mawaƙin The Verve, haƙƙinsa, aka yi ta yabon karamcinsu. Whitaker ya rasu tun 2012, kuma a duk wannan rabo da sake rabo babu kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa alƙali ba zai iya bambance gudummawa ba. Matthew Fisher, wanda ya kaɗa ogan (ɗan'uwan fiyano) a "A Whiter Shade of Pale" ta 1967, ya kai ƙara bayan kusan shekara 40. A 2006 kotu a Landan ta ce shi ma marubucin kiɗan ne, ta yanka masa kashi 40 cikin ɗari, kuma a 2009 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta tabbatar masa da haƙƙin karɓar kasonsa daga nan gaba. Ma'aunin ba shi da wuyar ganewa. In ka tsayar da mutum a hanya ka ce ya tuna maka waƙar, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne abin da ake saye. Wanda ya ƙirƙiri wannan abin, marubuci ne.

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. Na taɓa zama a wani ɗan situdiyo a Kano, ɗaki guda, janareta na ruri a waje, an manna soso a bango. Mawaƙi ya shigo da baiti huɗu a waya da ɗan kari a baka, yana yi yana buga cinya. Yaron da ke kan fiyano, wanda bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ya saurara sau biyu, ya ce, "Yaya, sake ɗauko amshin nan." Kafin la'asar ya ɗora ganga, ya saka sarewa, ya ƙirƙiro 'yar mabuɗin da daga baya na riƙa ji a wayoyin mutane a cikin A Daidaita Sahu. An biya shi kuɗin zama, aka yi musabaha, shi ke nan. Abu ɗaya da zan yaba wa mawaƙanmu, na da da na yanzu, shi ne sukan ambaci mai kiɗa a cikin waƙa, su yi masa kirari. Wannan ya fi abin da Motown ta yi wa nata mutanen. Amma kirari ba ya shiga asusun banki lokacin da YouTube ya biya. Kuma yanzu da ake da alƙaluman kallo a fili, babu uzurin cewa lissafi zai yi wuya. Takarda ce guda kafin a kunna na'ura: suna a rubuce, da kaso kaza in waƙa ta yi kasuwa.

Sai kuma waƙoƙin Indiya, da muka tashi a cikinsu har suka shiga jinin kiɗan finafinanmu. Waɗannan gogaye masu yawa da ke zuba kamar ruwan Agusta a finafinan Raj Kapoor, mun san Shankar da Jaikishan ne suka yi kiɗan, mun san Lata Mangeshkar da Mukesh. Wanda ya yi sama da shekara 20 yana rubuta wa makaɗansu abin da za su kaɗa shi ne Sebastian D'Souza, ɗan yankin Goa. Da yawa daga cikin masu wannan aiki a Bombay Kiristocin Goa ne, waɗanda suka koyi karanta rubutun kiɗa na Turawa a makarantun coci tun zamanin mulkin Fotugal, abin da yawancin manyan masu kiɗan fim ba su iya ba.

Ɗaya daga cikinsu duk mun san sunansa, ba mu dai san mutum ba ne. A fim ɗin Amar Akbar Anthony na 1977, Amitabh Bachchan ya fito daga cikin ƙaton ƙwai da doguwar hula yana waƙa yana cewa sunansa Anthony Gonsalves. Pyarelal, ɗaya daga cikin biyun da suka yi kiɗan fim ɗin, shi ya nemi a sa wannan suna don girmama malaminsa da ya koya masa goge. Anthony Gonsalves na gaskiya mai tsara kiɗa ne da ya yi wa manyan masu kiɗan Bombay aiki a shekarun 1950. Lokacin da fim ɗin ya fito ya daɗe da barin harkar. Ya rasu a Goa a watan Janairun 2012.

Na tura wa yayanmu wannan labari a zaure. Ya amsa da cewa shi dai Amitabh ya sani.