Abin da motar da ke ƙofar gidana take ci

Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanena ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp daga Damagaram. Bayan gaisuwa da tambayar iyali sai ya ce, "Yaya, ni fa na gaji da moto. Ko tsohuwa ce ka taimaka mini in sayi mota, kowa a unguwa ya san ina da wa a Amurka." Sau uku na saurari saƙon ina zaune cikin tawa motar a bakin wurin aiki, ƙarfe biyar da rabi na asuba. Ban ji haushinsa ba. Ni na aika masa hotona ina jingine da motar shekara biyu da suka wuce, kuma ban taɓa gaya masa abin da take ci ba.

A Greensboro nake zaune, jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan Nijar suka yi yawa ƙwarai. Mota a nan kamar takalmi take, wanda ba shi da ita bai fita. Haka aka gina ƙasar. Tun 1956, lokacin da shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin jihohi, garuruwa suka riƙa bajewa suna bin kwalta. Dokar gari kuma ta ware unguwar kwana daban, wurin shaguna daban. Ba mai tebur a ƙofar gida, ba mai ƙosai a kwana. Albasa ɗaya idan ta yanke maka sai ka tada mota. Akwai bas, amma idan ta wuce ka sai ka jira rabin awa ko awa guda, kuma ba ta kaiwa ga yawancin ma'aikatun da ke bayan gari inda irinmu ke samun aiki. Hanyoyi da dama ma ba a bar wa mai tafiya ƙasa gefen da zai bi ba.

Saboda haka baƙo na sauka, kafin ya sayi katifa, zancen mota ake yi masa. Kuɗi ba shi da su, sai bashi. Kuma a nan kowa yana da makin da ake auna amincinsa wajen biyan bashi, wanda bai daɗe ba ko wanda ya taɓa makara shi ake ɗora wa ruwa mafi tsada. Talaka ke nan ya fi mai hali biyan kuɗin mota iri ɗaya. Sai inshora, wadda doka ta tilasta, sai haraji da dubawar shekara, sai mai, sai bakanike da ke lissafin ladansa da awa. Watan da tawa ta lalace, kwana huɗu ina roƙon 'yan uwa su rage mini hanya, na biyar aka kira ni ofis aka ce in na sake makara in nemi wani wuri. Motar ke kai ni aiki, aikin kuma kaso mai tsoka nasa ita yake ciyarwa.

Na san lissafin da ƙanena ke yi, domin ni ma na yi shi kafin in taso. Mafi ƙarancin lada a Amurka dalar Amurka 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, kuma shi ne dokar wannan jiha. In ka juya shi sefa ya kai wajen jaka huɗu, wato sefa dubu huɗu. A Nijar mafi ƙarancin albashi jaka 42 ne a wata. Aikin awa goma sha ɗaya a nan ya biya watan can. Lissafin daidai ne, sai dai kallon kitse ake yi wa rogo, don ba a cire hayar ɗaki ba, ba a cire mota ba, ba a cire asibiti ba, ba a cire mai renon yaro ba, aikin da a gida kaka ko gwaggo ke yi ba tare da kowa ya kira shi aiki ba.

Abin da nake kewa a Damagaram shi ne ƙafata tana da amfani. Daga Birni mutum zai taka har Kasuwar Dole, ya gaisa da mutum ashirin a hanya, ya ji wa ya haihu, wa ke kwance. In rana ta yi zafi ga kabu-kabu, in da kaya ga adaidaita, in buhu ne ga mai kura. Inna ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, kuma ba ranar da rashin mota ya hana ta zuwa suna ko gaisuwar mutuwa. Tsohuwa irinta a nan, ranar da ido ya hana ta tuƙi, ta zama ɗaurarriya a ɗakinta.

Ba ina cewa gida aljanna ba ne. Wanda ya yi bazara a Damagaram ya san layin jarkoki a bakin famfo da yadda kuɗin garuwa ke tashi. Mun san abin da ya faru da wuta bayan Nijeriya ta yanke layinta a watan Agustan 2023. Matatar SORAZ tana nan a hanyar Tanut tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, amma a watan Maris na 2025 ƙasar ta sha layin mai. Kuma duk wanda ya taɓa ɗora mai naƙuda a bayan moto cikin dare ba zai yi wa mai son mota dariya ba. Buƙatar ƙanena gaskiya ce.

Bambancin mai shi da marar shi ma a gida a fili yake. Babbar mota za ta wuce ta buɗe mai tura kura da ƙura, kuma Kara-Kara, unguwar talakawa, ba a ɓoye take ba. Sai dai Alhaji da mai kurar sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, tabarma ɗaya suke zama wajen zaman makoki, kuma mai kurar ya san ƙofar da zai buga in ta kai masa wuya. A nan nisa ne ke raba mutane. Mai kuɗi yana can unguwar da sai da mota ake shiga, ɗansa a makarantar unguwar, ba ya ganin talaka sai ta gilashi. Talakan kuma yana da mota, yana da babbar waya, in ka gan shi ba za ka san bashi ne daga sama har ƙasa ba.

Wannan ne ke ba ni tsoro idan na ga yadda Damagaram ke miƙewa ta hanyar Mirya, ta hanyar Magarya, ta hanyar Yamai. Ana yanka filaye nesa da kasuwa, nesa da likita. Mai hali zai ja katanga, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora sola, ya ajiye mota, ya gama da kowa. Marar hali da ya bi araha ya sayi fili a can, shi zai riƙa biyan kabu-kabu zuwa da dawowa kullum, shi da 'ya'yansa 'yan makaranta. Ina roƙon masu yanka filaye da magadan gari su bar wa kowace sabuwar unguwa wurin kasuwa da makaranta da famfo da ɗakin shan magani tun kafin a zuba tubali, su bar gefen hanya mai inuwa don mai ƙafa. Na zauna inda ba a yi haka ba, na ga kuɗin da ake biya.

Waya kuwa, Tecno ɗin ƙanena mai layi biyu ta fi tawa yin aikin kirki. Da ita yake jin farashin hatsi, da ita ake sanar da shi kuɗin da na aika sun iso Nita, kamfanin aika kuɗi, da ita Inna da ba ta yi boko ba take turo mini addu'a da muryarta. Tawa wata-wata nake biyan kuɗinta, kuma aikinta na farko shi ne ta gaya mini ƙarfe nawa ake nemana gobe. Ta cikinta ne kuma mu da ke waje muke aika hotunan da ke hana yaran gida barci.

Daren Asabar na baza takardun motar a kan gado, na bashi da na inshora da na gyaran watan jiya, na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya na tura masa. Na ce in ya yarda mu haɗa kuɗi ya sayi adaidaita, ya kai Inna likita da ita, sauran lokaci ta nemo masa na cefane. Kwana ɗaya bai amsa ba. Ranar Litinin sai ga muryarsa, ƙasa-ƙasa: "Yaya, wai duk wata ake biyan wannan?"