Fim ɗin uban nan da kowa ke yabo, ga inda na rabu da ku

Jama'a tun da fim ɗin nan na Indiya da aka fassara ya shiga wayoyin mutane, duk inda ka zauna a Kuseri, garinmu na arewacin Kamaru da ke bakin iyakar Chadi, maganarsa ake, a majalisa, a teburin mai shayi, a gurup ɗin WhatsApp, ko wajen masu tura finafinai ka je shi za ka ji ana tambaya. Wanda bai kalla ba ga labarin a taƙaice. Direban bas ne mai 'ya ɗaya tilo, 'yar makaranta, yaran wani babban mai safarar ƙwaya suka kashe ta saboda ta ga abin da ba sa son kowa ya gani. Ya kai ƙara aka yi ta masa je ka ka dawo, shaidu suka janye, takardun suka yi ɓatan dabo, daga ƙarshe ya ajiye bas ɗin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga bos.

Na kalla, na kuma saurari abin da mutane ke faɗa, kuma gaskiya akwai magana a bakina.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba wanda ya ambace shi ko sau ɗaya a duk surutun da ake. Akwai wani waje tun farko farko, bayan an gama zaman makoki kowa ya watse, uban ya tashi da asuba kamar kullum ya zuba shayi kofi biyu, sai da ya ajiye na biyun a inda take zama sannan hannunsa ya tsaya. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba, ba a ma sa kiɗa ba, ga rigar makarantarta a kan igiya tun ranar da aka wanke ba wanda ya iya saukewa, shi kuma ya zauna yana kallon kofin har ya huce. Wallahi wanda ya shirya wannan wajen ya san mutuwa. A gidan kallon da na gani kuwa daidai nan ne samari suka fara cewa a tura gaba a tura gaba, a kai mu wajen faɗa.

Kuma mu ma haka muke wa mai rashi a zahiri. Ranar farko gida cike, sadakar uku cike, ta bakwai an ragu, bayan arba'in sai ka neme mu ka rasa. Uwa aƙalla mata za su ci gaba da leƙo ta, ta yi kukanta a gabansu, uba fa? Haba Alhaji kai ne babba, in ka karaya su iyali su yi yaya, ka daure kai namiji ne. Shikenan an rufe masa baki. Alhali Manzon Allah SAW da ɗansa Ibrahim ya rasu hawaye ya zubo masa a gaban sahabbai, ya ce ido na zubar da hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mutumin cikin fim ɗin nan bai ɗauki makami ranar da aka binne 'yarsa ba, sai da ya yi watanni shi kaɗai a ɗaki ba mai ce masa ya ka kwana. Maman yara ma da ta kalla a waya tambaya ɗaya ta min, wai ita uwar yarinyar ina aka kai ta, tun da aka nuna ta tana kuka sau ɗaya ba a sake waiwayarta ba, sai ka ce ba ita ta haife ta ba. Ta yi gaskiya.

Toh sai ihun. Lokacin da ya ritsa na farkonsu a gareji ɗakin nan kamar zai tsage, ana buga benci ana Allah ya ƙara, namiji kenan, ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Na ga wasu na rubuta cewa wai yaranmu sun lalace sun zama masu son jini. Ban yarda ba ko kaɗan. Ku duba fa inda muke rayuwa. Iyayenmu sun sha wahalar zargina, wato 'yan fashi masu tare hanya, shekara da shekaru, a tare mota a kwashe kaya a harbe wanda ya yi gardama, har sai da aka kafa BIR, rundunar sojan Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, a 2001 saboda su. Daga 2014 Boko Haram suka ɗora nasu, Fotokol, Kolofata, Amchide, bama-baman Marwa a watan Yulin 2015, na babbar kasuwar Ndjamena a wannan watan dai. Ga masu satar mutane don kuɗin fansa can wajen Mayo-Rey da Adamawa da Mayo-Kebbi, makiyayi ya sayar da garkensa kaf a sako masa ɗa, wani lokacin ma gawa zai samu. A cikin iyayen nan duka mutum nawa ne ya taɓa zama a kotu ya ga wanda ya kashe masa ɗa ido da ido an yanke masa hukunci? Yaron da ke buga bencin nan wataƙila kawunsa ne aka kashe a hanyar Waza, wataƙila a gabansa aka ce wa babansa ka je za mu neme ka. In ya ga mutum a allo an masa irin wannan je ka ka dawo sannan ya miƙe ya ƙwaci haƙƙinsa dole jikinsa ya yi tsuma. Yunwar adalci ce ke ihu a ɗakin nan, kuma duk mai mulki ko mai kaki da ya ji wannan ihun ya kamata ya tsorata, don mutane na faɗa masa cewa sun fara cire rai da ƙofarsa.

Har nan ina tare da ku. Inda muka rabu shine fim ɗin ya yi mana ƙarya, babba ma kuwa, kuma mu nan mun fi kowa sanin ƙarya ce.

Ku tuna daren da ya haura gidan bos. Akwai wani maigadi a bakin ƙofa, dattijo ne da 'yar tocila da rediyo a gefensa, ko bindiga ba shi da ita, ya taso yana tambayar waye, jarumi ya murɗe masa wuya ya jingine shi da bango ya wuce, kyamara ma ta bi jarumi ba ta sake juyowa ba. Wannan bawan Allah me ya yi? Yana wajen da aka kashe yarinya? Gadi yake a biya shi ƙarshen wata ya sayi gero. A fim ba shi da suna ba shi da kowa, shi da direban da aka ƙona a mota da yaran nan sama da goma da aka zubar a sito, duk kamar daga ƙasa suka tsiro. Amma a ina ka taɓa ganin mutumin da ba shi da kowa? A nan ko almajiri ka taɓa sai ka ga ƙauye guda ya taso. Maigadin nan yana da ɗa, ɗan kuma zai wayi gari da irin ciwon da jarumi ya kwana da shi, da irin hujjarsa sak, kuma ba wanda zai iya ce masa nasa jinin bai kai na 'yar direba ba. Fim ya ƙare a inda jarumi ke tafiya cikin ruwan sama an sa kiɗa mai daɗi, a ƙasarmu kuwa daga nan ne ake fara lissafi.

Mu 'yan Kuseri ba labari aka ba mu ba. Disambar 2021 rikici kan ruwa tsakanin makiyaya da masunta da manoma ya tashi a wani ƙauye can Logon-Birni ranar 5 ga wata, kwana uku kacal wuta ta iso cikin gari, aka ƙona kasuwar shanu, mata da yara suka yi ta cika kwale-kwale suna tsallake kogi zuwa Chadi da abin da ke jikinsu kawai. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 44 da suka mutu, ƙauyuka 112 da aka ƙona, sama da mutum 85,000 da suka tsallaka. Kuma kafin nan a watan Agusta an riga an yi wani zagayen. Ba na ɗora wa kowane ɓangare, duka akwai maƙwabtanmu da abokan cinikinmu a ciki. Abin da nake so ku tuna shine duk wanda ya ɗauki adda ko ashana a kwanakin nan in ka tsayar da shi zai kawo maka sunan wani nasa da aka taɓa, kowa a ransa shi ne jarumin, kowa ramuwa yake, waɗanda suka kwana a ƙarƙashin bishiya a tsallaken ruwa kuma yawancinsu ko inda aka fara faɗan ba su sani ba.

Wani malami da nake girmamawa a unguwarmu ya ce fim ɗin ɓata ne daga farko har ƙarshe, musulmi haƙuri kawai aka umarce shi. Na ce Allah gafarta malam a nan kam a ƙara mana bayani, don in aka tsaya a haƙuri kawai yaran nan za su ɗauka addini ya bar wanda aka zalunta ba komai a hannu, kuma ba haka ba ne. Alƙur'ani ya ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙi, ko ƙisasi ko diyya ko ya yafe don kansa ba don an tilasta shi ba, har aka ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa. Amma ayar Suratul Isra'i da ta ba shi wannan ikon ita ce dai ta ja masa kunne kada ya wuce iyaka wajen kisa, kuma malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa hukuma ke zartarwa bayan shaida ta tabbata, a kan wanda ya yi kisan shi kaɗai, ba ƙaninsa ba ba maigadinsa ba. A huɗubar bankwana da Annabi SAW ya soke bin jinin jahiliyya da jinin gidansu ya fara. Sannan ga Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza, da ya musulunta an karɓe shi ba a taɓa shi ba, amma Annabi SAW ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Wannan ƙissar tana taɓa ni sosai, don ta nuna ana iya barin ramuwa ciwon kuma yana nan daram, ba a ce dole sai ka yi murmushi ka rungumi wanda ya cuce ka ba.

Na san me za ku ce, to in hukumar ce ba ta yi fa? Tambaya ce mai nauyi kuma ba zan raina ta ba. Amma ku tsallaka gadar Ngeli ku shiga Chadi ku tambayi waɗanda suka rayu zamanin tsohon shugabanta Hissène Habré, 1982 zuwa 1990, wanda kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta an kashe mutum kusan 40,000 a mulkinsa. Waɗannan ai sun fi direban fim hujjar ɗaukar makami nesa ba kusa ba. Souleymane Guengueng da ya fito daga kurkuku da ƙyar yana tafiya, biro da takarda ya ɗauka ya bi mutane gida gida yana rubuta shaidar ɗaruruwansu yana ɓoyewa. Lauyarsu Jacqueline Moudeïna gurneti aka jefa mata a 2001 ta ji munanan raunuka ba ta fasa ba. Sun shigar da ƙara a Dakar, inda Habré ya samu mafaka, tun 2000, aka yi ta musu yawo da hankali, wasu suka mutu a hanya ba su ga ƙarshe ba, sai ranar 30 ga Mayu 2016 kotu ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, zawarawa da marayu na zaune a zauren suna ji da kunnensu, kuma yana cikin wannan hukuncin ya mutu a 2021. Eh an daɗe, eh maganar biyan diyyarsu ta yi ta jan ƙafa har abin ya zama wani zaluncin na daban, amma ba ƙauye ko ɗaya da aka ƙona saboda su, ba wani yaro da ya tashi maraya ta dalilinsu. In ana maganar namiji ko jaruma ni waɗannan nake gani, don abin da suka yi ya fi haura katanga da dare wuya sau dubu.

Shi ya sa nake roƙon 'yan Kannywood da samarinmu na nan Marwa da Garwa da Ndjamena da suka fara ɗaukar fim da waya, dan Allah in za ku yi irin wannan labarin, kuma na san za ku yi tunda yana kawo kasuwa, kada ku kwafo na Indiya yadda yake. Ku bar mana uban da kofinsa biyu, ku bar je ka ka dawo ɗin ofis don gaskiya ne, ku ba uwar yarinyar baki ta yi magana. In ma har jarumin naku sai ya kashe maigadi toh kyamara ta kwana a wajen, gari ya waye a nuna wanda ya zo ya tarar da gawar, a bi shi har gida a nuna matar da za a faɗa wa da ɗansa saurayi da ke tsaye a bakin zaure yana tambayar waye ya yi, a sa wannan a gidan kallo mu ga ko za a buga benci.