Nick Saban da yaran da suka yi masa gumi

A babban rukunin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka (American football) ta jami'o'i, ba a yi kocin da ya kai Nick Saban ɗaukar kofi ba. Sau bakwai ya ci kofin ƙasa: ɗaya da jami'ar LSU a 2003, shida da Alabama tsakanin 2009 da 2020. Har Bear Bryant, tsohon kocin Alabama wanda sunansa ke jikin filin wasan Alabama, a shida ya tsaya.

Gwani ne, babu musu. A wasan ƙarshe da Georgia a Janairun 2018, an tafi hutun rabin lokaci ana cin Alabama 13 da nema. Sai ya zaunar da Jalen Hurts, jagoran 'yan wasansa, ya sako Tua Tagovailoa, yaron da ke shekararsa ta farko a jami'a. Suka ci 26 da 23. Wannan sai mai ƙarfin hali.

Amma jama'a, mu duba shekara biyun da ya yi a gasar ƙwararru ta NFL. Da Miami Dolphins, a 2005 da 2006, wasa 15 ya ci, aka ci shi 17. Can 'yan wasa manya ne masu kwantiragi, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓar sababbin 'yan wasa. A jami'a kuwa koci ne ke bin gida-gida yana lallashin iyayen 'yan sakandare, kuma a wannan fagen Saban ba shi da na biyu. Shi ya sa ya koma, bayan ya gaya wa 'yan jarida a Disamban 2006 cewa ba zai zama kocin Alabama ba. Ko wata ɗaya ba a yi ba ya sa hannu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun kuɗi. Kwantiraginsa na 2022 ya haura dala miliyan 11 a shekara, alhali kafin Yulin 2021 doka ta hana ɗan wasa karɓar ko kwabo daga talla da sunansa. Karatu kyauta, abinci, wurin kwana da ɗan alawus, shi ke nan, ga karaya ga bugun kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da doka ta sauya, yara suka fara samun nasu, suna kuma iya sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda a benci ba, sai ga Saban a 2022 yana zargin jami'ar Texas A&M da sayen 'yan wasa. A Janairun 2024, kwanaki kaɗan bayan Michigan ta doke shi, ya ajiye aiki yana da shekara 72. Masoyansa sun ce tsufa ne. Ni dai ina ganin ikon da ya saba da shi ne ya fara kuɓuce masa.