Nasiha Ga Masu Renon Yara a Ƙasar Waje, Yanzu da Dogon Hutu Ya Ƙarato

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A nan Kaduna damina ta kankama, sabuwar masara ta fara shigowa kasuwa, 'yan makaranta suna ta ƙirga kwanakin da suka rage a sallame su. A daidai wannan lokacin ne 'yan'uwanmu da aiki ko karatu ya kai su Birtaniya, Kanada, Amurka, Jamus ko ƙasashen Larabawa suke shiga nasu lokacin na zafi, makarantun yaransu kuma suke rufewa. Daga Malali zuwa Rigasa, da wuya ka shiga unguwar da babu gida mai ɗa ko 'ya a can: wannan likita, waccan ma'aikaciyar jinya, wancan yana digiri na uku. Nasihar tasu ce, amma kada na gida ya wuce da sauri, akwai kasonsa a ƙasa.

Yaron da ke tasowa a Tudun Wada ko Unguwar Sarki ba iyayensa kaɗai ke yi masa tarbiyya ba. Ladan yana kiran salla a kunnensa sau biyar a yini ko uban yana gari ko ba ya nan. Da la'asar sakaliya zai ga tsaransa da allo ko jakar Islamiyya, shi ma ya bi. In ya wuce dattijo bai gaishe shi ba, kafin ya isa gida labari ya riga shi. In uwar ta gaji akwai kaka, akwai gwaggo, akwai maƙwabciyar da za ta ce a kawo mata shi. Mun ce ɗa na kowa ne, kuma da gaske haka muka taso. Wanda ya kai iyalinsa waje ya bar duk wannan a filin jirgi, sau da yawa bai ma lura ba. Muddin makaranta tana buɗe, abin ba ya fitowa fili, tunda akwai lokacin tashi, lokacin fita da lokacin barci. Ranar da aka ba da hutu, mako shida a Ingila, fiye da wata biyu a Amurka, ranar ce uwa da uba suke gane cewa su ne ladan, su ne malamin Islamiyya, su ne kaka, su ne dattijon bakin layi. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku masu kiwo ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. A can hadisin nan ba shi da wanda za a raba shi da shi.

Mu fara da rana, domin mutumin Kaduna bai san rana tana iya zama jarrabawa ta wannan fuskar ba. Mu a nan, Magariba tana tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk shekara. A Landan, ƙarshen watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:20 na dare, ta sake fitowa kafin 5 na safe. A Sikotland sai ta wuce ƙarfe 10. Masallatai da yawa a Landan suna sa Isha'i bayan 10:30, alfijir kuma a jadawalinsu yana ketowa kafin ƙarfe 3. Tsakanin sallolin biyu awa huɗu da ɗoriya ke nan, ga mutumin da zai fita aiki da safe. A can arewa sosai ma akwai makonnin da shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, hasken yamma yana nan har ya haɗu da na asuba. Waɗanda suka yi azumin 2016 a can, da Ramadan ya faɗo cikin Yuni, sun kai awa 18 da ƙari ba ci ba sha.

Malamai ba su bar mas'alar nan haka ba. A hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, da Sahabbai suka tambayi yadda za su yi salla a ranar da tsawonta kamar shekara ne, Annabi (SAW) ya ce su ƙaddara mata lokacinta. A kan wannan ne aka gina hukuncin ƙiyasta lokaci inda alamomi suka ɓace. Akwai kuma hadisin Ibn Abbas, shi ma a Muslim, cewa Annabi (SAW) ya haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i a Madina ba tare da tsoro ko ruwan sama ba, da aka tambayi Ibn Abbas dalili ya ce Annabi (SAW) ya yi hakan ne don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Majalisar fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ta dogara da shi wajen halatta haɗa Magariba da Isha'i a irin waɗannan makonni ga wanda jiran ya yi wa tsanani. Shawarata ita ce ka je wurin limamin garin da kake, ka bi jadawalin masallacinku, ka tsaya a kai. Kada ka riƙa yawo tsakanin jadawali uku kana tsintar wanda ya fi daɗi. Kuma, da dukkan girmamawa ga malamanmu na gida, wanda bai taɓa ganin rana da ƙarfe 10 na dare ba ya yi hattara kafin ya yanke wa na can hukunci da agogon Kaduna.

Yara fa? An umarce mu mu sa su salla suna da shekara bakwai, amma alƙalami bai hau kansu ba sai sun balaga. Ɗan shekara bakwai da za ka girgiza shi da ƙarfe 3 na dare kana faɗa, ba salla kake koya masa ba, ƙin salla kake shuka masa. Ka bar shi ya yi barcinsa, da ya farka abu na farko shi ne alwala. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya riƙa jin kiran salla a cikin gidan da muryar ubansa, ba da muryar waya kaɗai ba. Ka tsaya a falo ka kira, ka ba babban ɗanka ya tayar da iƙama, uwa da 'yan mata su yi sahu a baya. Ƙaramin zai hau bayanka kana sujada. Bar shi. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ranar Juma'a kuwa, tunda babu makaranta, ga damar da ba a samu sauran watanni: a kai su masallaci su ga ɗan Somaliya, ɗan Pakistan da Bature a sahu ɗaya, su san addinin nan ba na gidansu kaɗai ba ne.

A sa labule mai kauri a ɗakin yara. Ƙaramin abu ne, amma yaron da ke ganin rana tsaye da ƙarfe 9 ba zai yarda dare ya yi ba, kuma gidan da yara ba sa barci kan lokaci, iyayensa ne ke makara sallar Asuba.

Yanzu kai maigida. A gida ka saba ka dawo daga aiki ka tarar an gama komai, ba ka taɓa tambayar hannu nawa suka yi aikin ba. A can hannu biyu ne, na matarka. Babu ƙanwarta, babu 'yar aiki, gidan reno kuma kuɗinsa kan cinye babban kaso na albashi. Wata ma aikin dare take yi a asibiti, ta dawo da safe ta tarar da yara uku da ba su da makaranta. Idan ka ajiye ranakun hutunka na shekara don wata tafiya taka, ka bar ta da su mako shida cikin ɗaki biyu, kada ka yi mamaki in ka ga fuskarta ta canja. An tambayi Nana A'isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wanke kwano da yi wa yaro wanka ba su rage wa kowa girma ba. Ke kuma uwargida, gajiya ba rashin imani ba ce. Ki faɗa in kin gaji. Ki nemi matan da ke kusa da ke, Hausawa ne ko ba Hausawa ba, ku riƙa karɓa-karɓa: yau yara a gidanki, jibi a gidanta.

Na ƙasashen Larabawa nasu zafin daban ne. A Riyad ko Dubai zafi yana haura digiri 40 kusan kullum a waɗannan watanni, har hukumomi suka hana aiki a ƙarƙashin rana da tsakar yini daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Yara suna kulle a gida da na'urar sanyaya ɗaki, fita sai dare, sai manyan kantuna. Suna jin kiran salla, alhamdu lillahi, amma kada wannan ya ruɗe ku. Yaro zai iya zama kusa da Harami yana yini a YouTube.

Maganar waya ke nan, kuma ba zan tsawaita ba tunda kowa ya san ciwon, har mu na gida. Babu uwar da ba ta taɓa miƙa wa yaro waya don ta samu ta yi girki ba, ba wannan ake magana ba. Ana maganar yaron da ya shiga ɗaki da ita ya rufo ƙofa. A bar ta a falo, a sa mata lokaci, kuma uban ya fara ajiye tasa. Hadisin Bukhari ya ce ni'imomi biyu mutane da yawa suna hasararsu, lafiya da faragar lokaci. Shafi ɗaya na tilawa bayan karin kumallo, kullum, zai yi abin da wa'azin awa biyu ranar Lahadi ba zai yi ba.

Ban ce a kulle su ba. Wasu iyayen, saboda tsoron tsiraicin da zafi ke fito da shi a tituna da bakin teku, sai su hana yara leƙa waje sam. Yaron da ya ga tsaransa suna yawo shi yana kallon bango, zai ɗora laifin a kan addini. Ku fita da su. Ɗakunan karatu na unguwa kyauta ne, manyan gidajen tarihi na Landan ma shiga kyauta ne, filayen wasa ga su nan. A fita da sassafe kafin cunkoso, a ɗauki dadduma, in salla ta yi a shimfiɗa a gefe ba tare da ɓoye-ɓoye ba. In yaro ya yi tambaya kan shigar da ya gani, a amsa masa da hankali: ga yadda suke, ga yadda muke, ga dalili. Tsawa ba amsa ba ce. Ku kuma san dokar inda kuke: Sikotland ta haramta dukan yara baki ɗaya a 2020, Wales a 2022, Jamus tun 2000. Ko babu doka ma, Anas (RA) ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba.

Sai harshe. Wata tara ko goma yaro yana yini cikin Turanci, wannan hutun ne kaɗai Hausa take da damar rinjaye a kunnensa. A yi masa magana da ita ko da Turanci yake amsawa. A koya masa "ina kwana", "sannu da aiki", "Allah ya ƙara lafiya", ya san Baffa daban, Kawu daban. A yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Na san an ce ba a tatsuniya da rana, to wanda zai jira duhu a can sai yara sun yi barci, don haka a ja labule a ce ga ta nan ga ta nanku. Yaron da ya rasa Hausa bai rasa Musulunci ba, amma ya rasa hira da kakarsa, ya rasa hanyar da yawancin nasihar gidansu take bi ta iso gare shi.

To mu na gida. Da yawanmu ba ma kiran ɗan'uwanmu na waje sai da buƙata: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gudummawar biki. Yaushe rabon da ka kira ka ce a ba ka yara ku gaisa kawai? Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya da na Najeriya ɗaya ne, ƙarfe 5 a Landan ƙarfe 5 ce a Kawo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu kacal. Ba abin da zai hana Hajiya ta riƙa hira da jikokinta ta WhatsApp kowace yamma, ko malamin Islamiyyar unguwa ya riƙa yi musu ƙarin karatu ta bidiyo. Ku kuma na can, in kun ɗauki malami, ku biya shi hakkinsa da mutunci, kada ku ce ai don Allah yake yi alhali kun san abin da kuke biyan mai koyar da lissafi a inda kuke.

In kuma Allah ya kawo su hutu, suka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da jakunkunansu, a ji tsoron Allah a daina yi wa yaran dariya in sun karya Hausa. Yaro ya yi ƙoƙari ya ce "ina wuni", an fashe da dariya ana kiransa Bature, to ba zai sake buɗe baki ba. A gyara masa a hankali, a sa masa albarka. A daina tsegumin uwarsu a gabansu, suna ji fiye da yadda ake zato.

Masu shirin zuwa, ku tuna cikin marka za ku iso, lokacin da sauro ya fi yawa. Yaran da aka haifa a waje jikinsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba, ku ma da kuka daɗe a can kariyar da kuka taso da ita ta ragu. Ku ga likita makonni kafin tafiya a rubuta muku maganin rigakafi, a sha shi yadda aka ce har bayan komawa, a kwana cikin gidan sauro. Yaron da ya yi zazzaɓi bayan an koma, a kai shi asibiti ranar, a kuma gaya wa likita daga Najeriya aka dawo.

Allah ya raya mana zuri'a bisa Sunna, ya kawo matafiya lafiya. Wanda yake da ɗan'uwa a can ya tura masa.